Adashen Raino

Gidanmu na haya a Gangare
ɗaki bakwai ne, famfo ɗaya,
igiyar shanya biyu,
yara kuwa sai an tsaya an ƙirga.

Barira ce ta kawo maganar,
ranar da ta koma kan keken ɗinki da goyo a baya,
allura ta soke ta sau uku kafin azahar.
Ta ce, "Tunda muna adashen kuɗi,
me zai hana mu yi na lokaci?"

A wannan adashe ba a zuba naira,
wuni ake zubawa.
Litinin ta Barira,
Talata ta Maman Kaneng,
Laraba ta Hansatu mai ƙosai,
Alhamis tawa.

To, yau Alhamis.
Ruwan asuba bai gama ɗaukewa ba
suka fara shigowa, kowa da hular sanyi har gira.
Kaneng da robar gwatenta, an ɗaure murfin da leda.
Shuraihu, takalmin dama a ƙafar hagu,
kuma ba mai gyara masa sai shi.
Tagwayen Hansatu suna ƙanshin mai da albasa.
Ga nawa biyu: Nuwaira,
da ɗan auta da haƙori ke tsiro masa,
yana cizon duk abin da ya zo gabansa,
har da ni.

Ba ni da kayan wasan kanti.
Ina da murafen kwalba cikin tsohon gwangwanin madara.
Muka jera su jirgin ƙasa
daga bakin ƙofa zuwa ƙafar gado,
ƙofa ce Bukuru, gado ne Kafanchan.
Kaneng ta ƙirga taragu da harshen kakarta,
tagwaye suka bi bakinta,
suka karya kalmomin, ta yi ta dariya har da faɗuwa.

Na raba dankalin Farin Gada gida biyu,
na sassaƙa tauraro da bakin wuƙa,
muka tsoma a ruwan bula,
muka buga a bayan kalandar bara.
Sama ta cika kafin hantsi.

Ba zan yi ƙarya ba:
wajen sha biyu, kan jan kofi guda,
alhali ga kofuna biyar a kwando,
aka yi kuka mai hawa uku.
Kunu ya zube a kan zanin da na goge jiya.
Hannuna ya tashi.
Na gan shi a sama kamar hannun wata.
Na sauke shi, na fita bakin famfo,
na tsaya ina kallon duwatsu cikin hazo
har numfashina ya dawo gida.
Da na koma, Shuraihu na goge kunun da hularsa.

Bayan azahar na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."
Ban kai tsakiyar labari ba
barci ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya,
ƙafar wannan a kan cikin wancan,
kamar 'yan kyanwa a kwando.
Na sha shayina da zafinsa.
Rabon da in yi haka, na manta.

Da la'asar Maman Kaneng ta dawo daga asibiti,
idonta ja, takalmi a hannu,
ta miƙo min gasasshiyar masara biyu.
Nuwaira ta ruga ta rungume ta tana cewa, "Mama!"
Na ji wani abu ya ɗan tsunkule ni,
sannan ya sake ni.

Ran Litinin kwasata ce.
Na ce zan je Taminus, zan je kitso,
zan leƙa Goggo a Rikkos.
Barira ta dube ni, ta ce, "Barci za ki yi."

Yanzu dare ya yi, na wanke hannu sau uku,
shuɗin tauraron nan yana nan a tafina.