Bokitin Yashi a Tashar Jega

Rumfata na bakin tasha, a Jega,
tsakanin mai faci da mai shayi.
Soket sittin a kan allo guda,
janareta na tari a bayan zana.
Wayoyin gari a wurina suke yini
kamar awaki a turke,
kowace da igiyarta, kowace na san mai ita.

Ran wata Laraba, rana na dukan kwano,
Jelani ɗan kabu-kabu ya tsaya,
ya miƙo min wani abu kamar alƙalami
mai ƙanshin mangwaro da na'ana'a.
"Shishar aljihu ce, Arzika,
sa min ita ta sha wuta."

Na juya ta. Cikinta ya tasa
kamar kwaɗon da ya ji ruwan fari,
rigar batirin ta yage a wuya,
ƙarfe na leƙowa.
Na ce, "Wagga ba ta hawa allona."
Ya yi dariya har da dukan tanki:
"Abin da bai kai ɗan yatsa ba?"

Ga inda nawa laifin ya shigo.
Ya ce to in sayar masa da caja.
Na laluba kwalin ƙarƙashin benci,
irin waɗanda ba suna, ba tambari,
marasa nauyi kamar busasshen kara.
Na karɓi kuɗinsa, na ce a sauka lafiya.
Bakina ya san gaskiya,
aljihuna ya riga shi magana.

Sauran a bakin ƙanensa na ji.
Ya jona ta bayan isha'i, babu wuta,
ya tura ta ƙarƙashin filo,
ya kwanta da gajiyar hanyar Aliero
da warin albasar da ya yini ɗauka.
Can tsakar dare wuta ta dawo,
ba wanda ya ji sallamarta.
Abin ya fara huci kamar kububuwa,
sannan ya tofa.

Katifar soso ba ta musu da wuta.
Gidan sauro ya narke, ya ɗiga
a kafaɗa, a gefen kunne.
Allah ya sa zafi ya hana rufe ƙofa.

Kwana goma sha tara yana kwance,
babur na jingine, mai babur na ƙirga.

Da ya dawo bai zage ni ba,
da zagin ya fi min sauƙi.
Ya ajiye narkakkiyar cajar a kan allo,
baƙa, a murɗe kamar ƙafar kaza,
ya ce, "Taka ce,"
ya tada babur da hannun da ya rage lafiya.

Tana nan, na rataye ta a ƙusa.
Kwalin nan kuwa, guduma ta ci shi.

Yanzu in samari sun zo da irinta
sai in nuna musu ƙusar.
Ban ce hayaƙin alheri ne ba,
wannan tsakaninka da huhunka.
Ni ta wuta na sani:
ka ba ta cajar da ta zo da ita,
kan siminti, idonka biyu,
ta cika ka zare.
Kar ka bar ta a akwatin babur rana na tsaka,
kar batir ya kwana tsirara a aljihu
yana gogar makulli.
In ta kumbura, in ta yi zafi a tafin hannu,
ta gama aure da kai, ka sake ta.

Wasu su ji, wasu su ce na cika tsoro.

Ƙarƙashin teburina akwai bokitin yashi,
yashin gulbi, na ɗebo da kaina.
A ciki nake binne masu kumburin ciki,
na liƙe bakin kowanne da salatif.
Jiya na ƙirga: goma sha ɗaya.
Na ƙarshe Jelani ne ya kawo,
na wani yaro ne a layinsu,
ya ƙwace, ya biya shi kuɗinsa.