Igiya Ɗaya

Likita Arancibia ta ce kwana tara.
Ta faɗa tana wanke hannu,
kamar mai sanar da ranar isowar jirgin ruwa.
Sun ɗebi tsoka goma sha biyu, sirara kamar zare,
daga ƙullin nan na ƙarƙashin mafitsara
da namiji kan shekara sittin bai san da zamansa ba.

Kawu Eleuterio ya gyara hula, ya yi godiya.
Sai da muka fito ya ce, "Ximena, kada uwarki ta ji."

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa keken ƙarfe
mai hawa da sauka a tudun Valparaíso:
akwati biyu, igiya ɗaya,
in wannan ya gangara teku, wancan ya haura.
Tun ina 'yar ficiciya yake nuna min,
"Duba, ba mai motsi shi kaɗai."

Yanzu na tare a ɗakin ɗinkin marigayiya matarsa.
Cikin dare katakon bene na ƙara,
sau huɗu, jiya sau biyar.
Yakan buɗe famfo don kada in ji tsawon jiransa,
ni kuma in ja minsharin ƙarya.
Ashe kunya ma jinya take so.

Sunan ciwon bai taɓa fita bakinsa ba.
"Abin nan," yake cewa.
Ni na faɗe shi ran Juma'a, sankara,
ina fere dankali, ban ɗago kai ba.
Ya ce miyar kifin ta yi gishiri.
Ya kuma nemi ƙari.

Rana ta biyar ya jera sifanoninsa a kan jarida,
ya goge su ɗaya bayan ɗaya,
wai a kai wa yaron maƙwabta.
Na kwashe, na mayar akwati, na zauna a kai.
Muka yi faɗa na gaske, har kare ya bar mana ɗakin.
Can ya ce, "Taurin kan gidanmu kika ɗebo."
Dariya ta ƙwace masa, sai ya dafe mara.

Da tsakar dare na karanta abin da ya hana ni barci,
kashi kaza cikin ɗari, shekara kaza.
Ba inda aka ambaci mutumin da ke ɓare lemo
ɓawon bai tsinke ba.

"Ba komai" ba ta faɗuwa, don ban sani ba.
Abin da ke hannuna shayi ne, ƙarfe biyar,
da tagar da ke kallon tashar jirage.
Mu yi ta ƙirga kwantena,
ya ce jajaye sun fi yawa, in ce shuɗɗa.

Yau Alhamis.
Ya yi aski har ya yanke haɓa.
Keken na hannun masu gyara, sai matakala,
ɗari da sittin da biyu.
A ta saba'in ya tsaya, wai yana kallon teku.
Na tsaya. Tekun na nan inda yake.
Ya miƙo hannu bai dube ni ba,
tafin nan mai kanta, mai warin giris,
ya ce, "Riƙe da kyau, kada ki faɗi."

Na riƙe.

Can ƙasa, a cikin wata durowa, akwai takarda,
wani ya riga mu sanin abin da ta ƙunsa.
Muka ci gaba da sauka.