Ya Isa Ko Bai Isa Ba

Kuran ya tafi tun bayan isha'i.
Na jingina tocila da kwanon sha,
na buɗe takardun da Mushe Nomau ya ara mini,
masu warin injin fotokofi na bakin Babbar Kasuwa,
dala biyar kowane shafi.

Shekara goma sha uku ana koya mini farautar x:
ki bi sawunsa, ki rutsa shi a lungu,
ki ja masa layi biyu da jan bik.
Yau ga jarrabawar da ke cewa kada ki kama shi.
Gaya mana kawai,
in an sake ki, da abin da ke hannunki, kya iya?

Wani falke ya loda buhu talatin,
aya da riɗi, zai ƙetara ta Ɗan Isa.
Buhun aya nawa ne?
Shaida na fari: buhun riɗi jaka arba'in.
Shaida na biyu: aya ta ninka riɗi.

Na farin ya yi magana mai kyau,
sai dai ba ita aka tambaye shi ba.
Na biyun ko shi kaɗai ya kashe shari'a.
Hannuna na ƙaiƙayi ya rubuta ashirin,
agogo ya ce bari,
minti biyu gare ki, ba a biyan ki ladan ashirin.

Mushe Nomau ya ce: in na biyu ya shigo, wanke kunnenki,
ki manta na fari ya taɓa buɗe baki.
Nan nake faɗuwa.
Ni da ban manta wanda ya taka ni a layin famfo bara ba.

Akwai shaidun da mutum ɗaya ne,
ya fita, ya sauya hula, ya dawo:
x da y talatin,
x biyu da y biyu sittin.
Baki biyu, labari guda.
Akwai wanda zai rantse x sau x tara ne,
ki yi murna ki ce uku,
alhali yana iya zama ukun da ake bin ki bashi.
Kuma "a'a" in ta tsaya da ƙafarta, ta isa.
Wannan ya ɗauke ni mako guda.

Da asuba Inna Tsahara na matsar tunkuza,
na karanta mata labarin falken.
Ta ce, wa ya auna buhunan? Tiya nawa a ciki?
Na ce ba a faɗa ba.
Ta ce, shekara talatin ina cin kasuwar Tibiri,
ba a taɓa ba ni bayani ya isa ba,
kuma kullum sai na saya.

Sai wayarta ta yi ƙara, ta miƙo mini da hannu mai mai.
Zabairu ne, daga can bayan Agadas, wata na sha ɗaya.
Tambayar da ke gidan nan kowa ya san ta:
zai dawo kafin damina?
Na fari: ina lafiya, a daina damuwa.
Na biyu: na turo jaka ashirin, a je a karɓa.

Na auna na farin shi kaɗai.
Na wanke kunne, na auna na biyun.
Na haɗa su.
Zaɓi biyar ne a takarda, na biyar ɗin na cewa
ko an gama su duka, ba su isa ba.

Mi ya ce? in ji Inna.
Na ce, ya ce yana lafiya.
Ta ce, to, ya isa,
ta ci gaba da matsa.

Na koma ɗaka.
Tambaya ta goma sha huɗu:
wasu motoci biyu sun tashi daga gari guda.