Randar Inna Tabawa

Inna Tabawa ba ta tambayar rediyo labarin sama,
randarta take tambaya.
Da asuba ta dafa gindinta da tafin hannu,
in ta ji gumi ya tsatso, ta ce, "Da sauran rai."
In ta ji ta bushe ƙamas kamar goshin mai bin bashi,
ta ce, "Yau ku nemi inuwa tun da hantsi."

Bazara a Maraɗi ba baƙuwa ba ce,
'yar gida ce, ta san inda muke ajiye tabarma.
Kafin azahar kwalta ta yi laushi,
silifas ɗin Nomau ya bar sawu a bakin Babbar Kasuwa.
Ƙadangare kan katanga ya ɗaga ƙafa ɗaya,
ya sauke, ya ɗaga ɗayar.
Wuta ta ɗauke. Fanka ta yi juyi uku ta mutu.
Ƙanƙarar Habsu, dala biyar da safe,
ta koma ashirin,
rabinta kuma hanya ke sha kafin ka kai gida.

Gulbi kuwa suna ne kawai.
Yara na ƙwallo a cikinsa,
amalanke na tsallakawa, kofato bai jiƙe ba.

Da dare mu fito da gadaje tsakar gida,
mu yayyafa ruwa, ƙasa ta shanye tana huci.
Ganyen bedi ko motsi.

Sai wata Laraba tururuwa ta fara jidar ƙwai.
Inna ta dafa randa, ba ta ce uffan ba,
ta kwashe shanya,
ta jera bokiti ƙarƙashin indararo.
Muka yi dariya, sama fes take.
La'asar sakaliya gabas ta haɗe rai daga wajen Tasawa,
iska ta ɗauki kwanon shagon Mantau
ta kai wa maƙwabcinsa aro.
Ɗigon fari ya faɗo kamar an jefo dala,
ƙamshin ƙasa ya shiga har cikin haƙori.

A Agusta ruwan da muka roƙa
ya ci katangar ɗakin Inna.
Ta ce, "Baƙon da ka kira ba ka auna masa ciki."

Yanzu randar ta tsage, mai ita ta kwanta dama.
Waya ke gaya mini: arba'in da huɗu.
Na ji, na yarda.
Amma da asuba, in ba mai kallona,
sai na dafa.