Makunnin Baba Eulogio

Motar mahaifina ta girme ni da shekara talatin,
shuɗiya, launin tekun Santiyago da hantsi.
Gangar jiki ta Amurka, inji na Koriya,
birki na Rasha, saura kuwa dabarar Kuba:
abin da hannu ya samu, da shi aka ɗinke.

Da fankar inji ta gaza da zafin Agusta,
Baba ya ciro ta lantarki daga gawar wata Fijo,
ya ɗaure ta a bayan lagireto,
ya ja mata wuta kai tsaye daga batir
zuwa makunnin da ya cire a fitilar gefen gadonsu.
Shekara goma sha tara yatsansa ne ma'aunin zafi.
In an doshi hawan Tiboli, allura ta ɗaga kai,
sai ƙas! fanka ta ɗauka.
Bai taɓa mantawa ba,
sai da ya fara.

Sunan jikarsa ne ya fara ɓace masa a kan tebur.
Sannan wata Talata, da fasinja shida da buhun gwaza,
lagireto ya tafasa a tsakiyar hawa,
tururi ya rufe gilashi.
Ya fito ya tsaya yana kallon yatsansa
kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

Daren nan an ɗauke wuta a unguwa.
Yusimi ta riƙe min tocila, tana hamma,
ni kuwa kaina a ƙarƙashin bonet.
Tsohuwar wayar ta narke kamar alewa a aljihu,
siririya ce, an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta,
ta ɗauka, ba ta taɓa cewa komai ba.

Rile ɗin bai kai akwatin ashana ba.
Na saya wajen Reinier da kuɗin kaji biyu.
Ƙafa huɗu gare shi, kowacce da lambarta.
Talatin ta sha daga batir, da fis a bakin ƙofa.
Tamanin da bakwai ta miƙa wa fanka, waya mai kauri.
Tamanin da shida, 'yar wuta daga mabuɗi.
Tamanin da biyar na kai ta gindin lagireto,
inda na murɗa ɗan ma'aunin tagulla
wanda ba ya barci, ba ya tsufa da irin tsufanmu.
In ruwa ya yi zafi, shi zai raɗa,
rile ya ji raɗar, ya buɗe wa babbar wuta hanya.
Dalma ta ɗiga min a wuyan hannu. Ban yi ƙara ba,
Baba yana barci a bayan wancan bangon.

Yusimi ta ce, Mama Odalys, cire tsohon makunnin mana.
Na sa filaya. Na tsaya.
Robarsa ta lotsa daidai faɗin yatsa guda.
Sai na ja masa sabuwar waya, siririya,
na haɗa shi gefe da gefe da ma'aunin:
duk wanda ya riga, fanka za ta amsa.
Yanzu ba kaya a kansa, kira kawai.

Da safe ni ce a sitiyari, shi a gefena,
hularsa a gwiwa, ƙanshin gahawa a rigarsa.
Muka kama hawan Tiboli a giya ta biyu.
Allura ta ɗaga kai.
Can ƙarƙashin bonet na ji ɗan ƙas,
fanka ta ɗauka.
Na ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, har bakwai.
Sannan hannunsa ya miƙo a hankali
ya danna.

Kin ji ta? in ji shi.
Na ce, na ji, Baba.
Allura ta fara sauka.