Taswirar da ke Bangon Aji Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli
a makarantar Garin Barau, gabas da Jahun.
Taswirar Faransa na rataye a bangon aji huɗu,
gara ta cinye mata teku, ta bar mana tudu.

Nan, nake cewa, ina nuni da karan dawa,
sunanta Burgundi, babban birninta Dijon.
Kogin Son yana gangarawa kudu,
Yon ya nufi arewa, kowa ya kama gabansa
kamar 'yan'uwa washegarin rabon gado.
Tuddai ne masu farin dutse, suna kallon hantsi,
a jikinsu inabi, kunya bayan kunya,
har inda ido zai gaji ya dawo.

Sai Ilu ɗan Nomau ya ɗaga hannu:
Malam, me suke yi da inabi haka da yawa?
Na yi tari. Na gyara hula.
Na ce matsewa suke, su ajiye a ganga
har ya zama abin da mu ba ma sha.
Aji ya yi tsit. Can Tabawa ta ce tir,
da gonarta ce, da gero ta zuba.

Na koya musu masu sarautarta na da,
da suka yi zaman doya da manja da sarkin Faransa
har na ƙarshensu ya faɗi a fagen yaƙi, cikin sanyi,
ƙasa ta koma hannun abokin gaba.
Wannan bai dame su ba.
Amma da na zo kan ƙwaron da ya shiga saiwa
ya busar da gonaki kamar an bi su da wuta,
sai da aka ɗauko saiwa daga Amurka aka aura,
sai na ga sun gyara zama.
Sun san wuta-wuta. Sun san shekarar fara.

Mutanenta miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, in ji littafi.
Ta fi Jigawa faɗi, na ce,
amma ba su kai rabinmu ba.
Ilu ya yi dariya: to wa ke yi musu girbi?

Bara, bayan na ajiye alli,
ƙaninsa ya same ni gindin ɗorawa da waya a hannu.
Ga Ilu, da furfura biyu a gemu,
kwando a baya, yatsu sun rine kamar na marini.
Muryarsa ta ce: Malam, na samo amsar tambayata.
Taswirarka ba ta faɗi ciwon ƙugu ba,
ba ta faɗi raɓar asuba mai yanka farce ba.
Sun ma haɗe ta da maƙwabciyarta, suna ya ƙara tsawo.
Ƙauyen da nake, an rufe makarantarsa,
tsofaffi ne da karnuka, yara sun tafi birni.
Ɗanye nake ci, Malam, yana da zaƙi,
sauran kuma tsakaninsu da gangarsu.

Daren nan ban yi barci ba.
Na kunna tocila, na juya bayan kalanda,
na zana abin da ban taɓa koyarwa ba:
fadama, kukar mahauta, rijiyar da ta ƙafe,
jigawar da kakanmu ya sare da gatari ɗaya.
Na shiga ƙidaya gida gida.
Gidan Nomau, mutum tara, uku na nan.
Gidan Cindo, kwaɗo a ƙofa tun damina biyu.
Tabawa ce ta karɓi aron gonar su Ilu,
kuma gero ta zuba, kamar yadda ta ce.

Da na zo gidana sai batir ya mutu.
Na ƙirga da yatsu cikin duhu,
hannu ɗaya ya isa.