Babana Ya Haƙa, Ni Na Hau

Babana ƙasa ya nufa duk tsawon ransa,
da diga da kwano, yana bin kuza a Bukuru.
Ramin da ya bari ya cika da koren ruwa,
masu lambu ke jan sa yanzu, su shayar da kabeji.
Ni kuwa sama aka ce in nufa.

Ƙarfe shida, sanyin Jos na gatsa min yatsu.
Na ɗaura igiya a ƙugu, na kifa hular kwano,
bisimilla a matakin farko,
a na ɗari kuma, in faɗi gaskiya,
sunan uwata na kira.

Wata bakwai muka yi kafin yau.
Mai fili ya ce kakansa na kwance daidai nan,
muka matsa taku goma sha biyu, muka ba mamaci wurinsa.
Dutsen Naraguta ya cinye bakin injin huda har biyu.
Siminti ya tashi muna tsakiyar kwaɓi.
Ƙanƙara ta zo da la'asar ta fasa farantin sola.
Daren wata Laraba aka kwashe batir takwas,
aka bar wa Baba Ma'azu mai gadi
ƙulu a goshi da takalmi wari guda.

Injiniya Kachollom na ƙasa, kwamfuta a cinya,
muryarta na hawowa guntu-guntu cikin iska:
"Tanimu, hagu. Kaɗan. Ka wuce! Dawo."
Ina juya faifai kamar mai gyara wa makaho alƙibla,
ina neman wani ƙarfen da ban iya gani,
can bayan Farin Gada.

Daga nan sama ba a ganin shingen bincike.
Unguwar Rogo, Gada Biyu, Tudun Wada,
rufin kwanonsu duk tsatsa iri ɗaya.
Na nemi layin da aka ce ya raba garin,
sai hayaƙin karin kumallo na gani.

"Ya kama!"
Sanda huɗu a fuskar waya.

Na zaci ɗaliban jami'a ne za su riga kowa,
ko mai kabeji da ke son jin farashi kafin ya ɗauki mota.
Ashe Mama Chundung ce, mai sayar mana da gwate,
wadda gwiwa ta hana ta hawa tudun da ake laluben sabis.
Ta kwance bakin zane,
ta zaro takardar da ta yi laushi kamar tsumma.
Injiniya ta danna mata lambar.

"Ladidi?
Ni ce.
Turminki na nan tun ranar da kuka tashi.
Ban bar kowa ya daka barkono a ciki ba."

Sai shiru.
Shirun ya yi tsawo har Injiniya ta koma kan kwamfuta,
tana zaton sabis ya ɗauke.

Bai ɗauke ba.

Na sauko hannuna na warin ƙarfe da man giris.
Baba Ma'azu na tambayar ko yanzu za a ƙara masa albashi.
Janareto ya yi tari sau biyu, ya daidaita.
Tawa wayar ko kati babu,
wanda ya gina rijiya ya kwana da ƙishi.

A hanyar gida Injiniya ta ce min,
kamar mai zancen kuɗin mota,
wai cikin kowace waya akwai ɗigon kuza,
da ita ake liƙe jijiyoyinta.

Baba, ban san tekun da taka ta ƙetare ba,
ban san wanda ya ci ribarta ba, mu dai ba mu gani ba.
Amma yau na ji ta a kunnen wata tsohuwa,
ta dawo gari,
tana zancen turmi.